Ina za mu yada zango a Shenandoah: kan dutse ko bakin kogi?

Baban Sadik: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka saba kwana a daji a ƙasar nan ta Amurka. Mu gida uku ne daga jihar Merilan, muna so mu kai yara gandun dajin Shenandoah da ke kan duwatsun jihar Birjiniya a watan Oktoba, lokacin da ganye ke rinewa, mu yi kwana biyu. Manya shida, yara takwas, sai kuma Hajiyarmu da za ta zo daga Katsina bayan an rufe makarantu. Ita ce ma silar tafiyar. Wancan zuwan da ta yi ta ce ba ta ga komai ba sai kwalta da kantuna, tana so ta ga dajin ƙasar da idonta. Shirinmu shi ne mu yi hayar mota mai ɗaki, wadda ake kira RV, Hajiya da 'yan mata su kwana a ciki, sauran mu kafa tanti. Hajiya tana da ciwon suga, tana yin allurar insulin, ga ciwon gwiwa. Wane zango ya kamata mu kama? Hotunan da nake gani a intanet duk kyawawa ne, na rasa na zaɓa.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Baban Sadik, ka yi dabara da ka yi tambaya tun a Afrilu, don a shafin Recreation.gov wata shida kafin ranar ake buɗe kama wuri, kuma ƙarshen mako a Oktoba ba ya jiran kowa. Hanya ɗaya ce ta ratsa gandun daga arewa zuwa kudu, Skyline Drive, mil 105, kuma da lambar mil ake kwatanta komai. Mathews Arm yana wajen mil 22, Big Meadows mil 51, Lewis Mountain mil 57, Loft Mountain kusa da mil 80. Ni dai Big Meadows zan ce maka. Nan ne tsakiya, akwai kanti, akwai wurin wanka, akwai ofishin baƙi, ga wani fili shimfiɗaɗɗe da barewa ke fitowa kiwo da yamma. Hajiya ba sai ta hau dutse ba, a kan kujera za ta zauna ta gan su. Mathews Arm ya fi kusa da ku amma babu wurin wanka, kada ka kai mata da yara can.

Injiniya Lawal: Malam Habu, ka bar abu mafi muhimmanci. Duk zangon da ka lissafa babu ko ɗaya da ake jona wa RV wutar lantarki ko ruwa. Ko ɗaya. Batirin motar da tukunyar gas ɗinta su ne za su riƙe ka. Shekara shida ke nan ina da RV, na san abin da nake faɗa. Na'urar ɗumama ɗaki da gas take aiki, amma fankar da ke hura ɗumin batir take ci, kuma a dare mai sanyi tana iya shanye batir kafin asuba. Janareta kuwa ba a barin ka kunna shi sai 'yan awoyi da safe da kuma yamma, da dare haramun ne. To mutumin da bai taɓa tuƙa RV ba, ga tsohuwa marar lafiya a ciki, shi za ka tura inda babu wuta?

Malam Habu: Injiniya, kwana biyu ne fa, ba wata biyu ba. Mutane dubbai suna kwana a can da RV duk shekara.

Injiniya Lawal: Suna kwana, amma yawancinsu motarsu ce, sun san halinta. Ta haya ba ka san shekarun batirinta ba. Shawarata, Baban Sadik, ka sauka ƙasa. Akwai gandun jihar Birjiniya a bakin kogin Shenandoah, kusa da ƙauyen Bentonville, 'yan mil kaɗan kudu da garin Front Royal a kan hanya mai lamba 340. Can akwai fegi mai wuta da ruwa. Ka jona waya, ka jona tiyo, ka kwanta hankalinka kwance. Da safe ku hau dutsen ku sha kallo, da yamma ku sauko.

Maman Hanifa: Bari in sa baki a kan maganar allura, tunda aikina ne. Insulin da ba a buɗe ba a firji ake ajiye shi. Wanda aka fara amfani da shi kuwa, yawancin ire-irensa suna iya yin kusan kwana 28 a waje muddin ba a bar su cikin zafi ba. Saboda haka rashin wuta na kwana biyu ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoron shi ne daskarewa. Insulin in ya daskare ya lalace, ko da ya narke daga baya. Na ga masu saka shi kai tsaye a kan ƙanƙara a cikin kula, wai don ya yi sanyi, wannan kuskure ne babba. A naɗe shi a tawul, a ajiye nesa da ƙanƙarar. Kuma kafin tafiyar likitan Hajiya ya duba ta.

Abin da ya fi damuna ni shi ne nisa da asibiti. Daga Big Meadows sai ka yi mil 20 a kan dutse kafin ka kai mafitar Thornton Gap, kuma ba a wuce gudun mil 35 a awa, sannan ka gangara garin Luray inda asibiti yake. Kusan awa guda ke nan da rana tsaka, ballantana da dare in hazo ya sauka. Ga sabis ɗin waya yana zuwa yana ɗaukewa. In sugan tsohuwa ya faɗi da ƙarfe biyun dare, wannan awar ba ƙarama ba ce. Daga Bentonville zuwa Front Royal kuwa tafiyar minti ashirin ce ko ƙasa da haka, kuma akwai asibiti.

Baban Sadik: Allah ya saka da alheri, Maman Hanifa. Wallahi ban taɓa auna nisan asibiti ba, hankalina duk yana kan firji.

Sani Direba: Yaya Baban Sadik, ko wanne ka zaɓa, ka rubuta tsayin motar daga ƙasa zuwa sama a takarda ka manna a gaban sitiyari. In ka shiga ta Thornton Gap ka nufi kudu, ba za ka yi mil ɗaya ba za ka tarar da hanya ta huda cikin dutse, Marys Rock. Ƙafa 12 da inci 8 ne iyakarta. Ƙananan RV suna wucewa, manya ba sa wucewa, kuma na'urar sanyaya ɗaki da ke kan rufi tana cikin lissafi. In motar ta fi haka sai ka zagaya ta hanya 33 ka shiga ta Swift Run Gap, ka hauro arewa mil 14. Mu direbobin manyan motoci abin da muka fi tsoro ke nan, gada ko rami da ba ka auna ba. Kuma wajen gangara kada ka danne birki tun daga sama har ƙasa, ka sa ƙaramin giya.

Alhaji Mamman: Salamu alaikum. Na karanta duk abin da kuka rubuta. Ni ban san RV ba, amma na san kwanan daji, don a ƙauye na tashi a ƙasar Damagaram, kuma tun ina ɗan shekara tara nake bin kawuna kiwo. Injiniya ya ce bakin kogi. To ina so in ji, wane irin bakin kogi? Abu na farko da aka koya mana shi ne ba a kwana a kwari. Ko sama tana fes, ko rairayin ƙoramar ya bushe ƙayau, ba a shimfiɗa a cikinsa, don ruwan da zai cinye ka ba a kanka aka yi shi ba, can gaba aka yi shi inda ba ka gani ba. Tudu ake nema, mai ɗan gangare kaɗan yadda ruwa zai wuce. Sannan ka ɗaga kai ka dubi itacen da ke samanka, in akwai busasshen reshe ka matsa. Sannan ka dubi ƙasa, ko akwai gidan tururuwa ko hanyar dabbobi. Sannan ka ji daga ina iska ke busowa ka juya mata baya. Waɗannan ba su canza ba don an zo Amurka.

Injiniya Lawal: Allah ya ƙara girma, Alhaji. Gaskiyarka. Fegin RV da nake magana a kai ba a gaɓar ruwa yake ba, yana can sama. Na bakin ruwan na masu tanti ne, waɗanda ake ajiye mota a ɗauki kaya a kura a ƙarasa da ƙafa. Ba su nake nufi ba.

Maman Hanifa: Maganar Alhaji ba tatsuniya ba ce. A watan Yunin 2010, a wani zango na gwamnati da ake kira Albert Pike a jihar Arkansas, ruwa ya taso cikin dare mutane suna barci a tanti da motoci, mutum 20 suka rasu. Zango ne da aka san shi, iyalai suna zuwa shekara da shekaru. Tun da na ji labarin nan, duk inda za mu je sai na buɗe taswira na ga ina rafi yake, ina feginmu yake, kuma ta ina za mu fita in hanya ɗaya ta toshe.

Malam Habu: To ai kun dawo kan maganata. A kan dutse babu ambaliya. Kuma ku bar ni in faɗi abin da ke raina. Hajiya cewa ta yi tana so ta ga daji. In kuka kai ta inda motoci suka yi sahu kamar tasha, kowa da wayar wutarsa, wani na kallon talabijin, me ta gani? Ni abin da ya sa nake komawa Big Meadows shi ne dare. Wurin yana sama da ƙafa 3,000, babu fitilun gari, in sama ta washe taurari sai ka ce a ƙauyenmu da rani. Ranar da na fara kai 'yata, tana da shekara bakwai, ta tambaye ni wane ne ya zuba gari a sama. A nan aka haife ta, ba ta taɓa ganin haka ba. Na nuna mata kaza da 'ya'yanta kamar yadda kakata ta nuna mini. Wannan ba a samunsa da yawon rana, sai an kwana.

Anti Bilki: Malam Habu ka sa na tuna gida. Amma akwai abin da maza ba ku taɓo ba, kuma shi ne farkon abin da mu muke tunani. Mu da hijabi, ga Hajiya da mayafinta, a ƙauyen da wataƙila ba su saba ganin irinmu ba. Shekara uku da suka wuce mun sauka a wani zango na 'yan kasuwa, ba a Shenandoah ba, ba zan faɗi sunansa ba. Mun biya ta intanet, komai daidai. Da muka isa matar da ke karɓar baƙi ta dube ni sama da ƙasa, ta ce fegin da muka kama an samu matsala, ta tura mu can ƙarshe kusa da inda ake zubar da ƙazantar tankin motoci. Da yamma sai ga wasu sun zo sun sauka a fegin namu. Ban yi barci ba a daren nan, ba don wari ba, don zuciyata ta ƙi kwanciya. Tun daga nan na fi son wurin gwamnati. Lambar feginka tana rubuce, babu mai canza maka, kuma akwai jami'ai masu inifom da za ka kai wa ƙara.

Sani Direba: Allah ya ba da haƙuri, Anti. Ni kuma zan faɗi nawa don kada a tsorata. Aikina ya kai ni ƙauyukan Birjiniya da yawa, kuma na fi haɗuwa da mutanen kirki. Akwai wani dattijo Bature da ya gan mu muna fama da tanti iska na kwasa, ya taso da gudumarsa ya kafa mana turaku, ya ce matarsa tana tambaya ko ƙamshin me ke tashi daga tukunyarmu. Muka zuba musu dafa-duka. Amma na yarda da ke, a wurin 'yan kasuwa komai ya danganta da halin mai wurin. Kafin ka biya ka karanta abin da baƙi suka rubuta a kansa, musamman na watannin baya-bayan nan, kuma ka fi kula da masu ƙorafi, ka ga ko abu ɗaya suke ta maimaitawa.

Ummi: Anti Bilki, maganarki ta tuna mini abin da na gani a ofishin baƙi na Big Meadows. Shi kansa gandun yana da irin wannan tarihin. An kafa shi a 1935, Shugaba Roosevelt ya ƙaddamar da shi a Big Meadows ɗin nan a 1936, bayan an tashi ɗaruruwan iyalai da ke zaune a kan duwatsun. Kuma Lewis Mountain da Malam Habu ya ambata, asali don baƙaƙen fata kaɗai aka gina shi a ƙarshen shekarun 1930, lokacin da ba a yarda su sauka inda Turawa ke sauka ba. Sai wajen 1950 aka daina wariyar. Ni shi ya sa nake son wurin. Shi ne mafi ƙanƙanta, fegi wajen 30, shiru. In na kwana a can ina tuna waɗanda suka riga mu. Baba, ko ba ku kwana ba ku tsaya da yaran a can ku gaya musu.

Baban Sadik: Ummi, Allah ya yi miki albarka, ban san wannan ba. Za mu tsaya in sha Allahu. To amma ga wata tambaya. Mu goma sha biyar ne. Fegi ɗaya zai ɗauke mu?

Malam Habu: A'a. Mutum shida ne ƙa'idar fegi ɗaya, da mota biyu. Uku za ku kama. Akwai fegin ayari na masu yawa, amma yawanci na tanti ne zalla, RV ba ta shiga. Kuma a nan ne aikin yake: samun uku a jere a Oktoba. Ku uku ku zauna a waya ranar da za a buɗe, kowa ya san lambar da zai kama, ku danna lokaci guda. Kafin ranar ka buɗe taswirar zangon ka zaɓi lambobi, da na madadinsu in an riga ku. Kowane fegi an rubuta tsawon motar da yake ɗauka. Ka nemi wanda ake shiga ta gaba a fita ta gaba, kada ka ɗauki wanda sai an yi ribas, tunda sabon hannu ne kai.

Maman Hanifa: Kuma ka auna tazarar banɗaki. Ba dab da shi ba, don ƙofa za ta yi ta bugawa, fitila kuma a kunne har safe. Fegi uku ko huɗu tsakani ya isa. Yara takwas, dare ɗaya sai an raka wani sau biyar.

Anti Bilki: Sannan a riƙe butoci, kowane gida da nasu. Banɗakunan can takarda ce kawai. Kuma don Allah kada a ɗora ƙafa a kwamin wanke hannu ana alwala, ana jiƙa musu ƙasa. A cika buta a famfo a koma fegi a yi. Da dare a dafa ruwa a zuba a fulas saboda alwalar asuba, musamman ta Hajiya. Wurin wankan Big Meadows kuma da kuɗi yake aiki, ruwan na 'yan mintuna ne, a tanadi canji.

Malam Nura: Tunda an zo kan sallah. Alƙibla daga wannan yankin arewa maso gabas take, wajen digiri 56, ba gabas ba kamar yadda muka saba faɗa a gida. A duba ta tun da sauran sabis, a sa alama da dutse ko itace. Game da ƙasaru, a mazhabar Malikiyya tafiyar mil 48 ce ke halatta ta, kuma daga wajen Washington zuwa Front Royal kaɗai ya kai mil 70, zaman kuma bai kai kwana huɗu ba, don haka za ku yi ƙasaru. In Juma'a za ku tashi, ko dai ku yi sallah a gida ku kama hanya, ko ku yi sammako. Amma ku lura, a tsakiyar Oktoba rana tana faɗuwa wajen shida da rabi. Wanda ya tsaya Juma'a, ya haɗu da cunkoson hanya 66, da duhu zai isa. Abu na ƙarshe, doka ce a yi shiru daga goma na dare zuwa shida na safe. Kiran sallar asuba a yi shi a hankali, tanti ba bango ba ne. Haƙƙin maƙwabci yana nan ko a daji.

Injiniya Lawal: Maganar isa da duhu ita ce ta ƙara ƙarfafa ni. Ka kwatanta: ya karɓi mota ranar, bai saba da faɗinta ba, ya hau dutse mai kwana-kwana da magariba, barewa na tsallaka hanya, ya isa ya fara neman yadda zai daidaita ta da tocila. Firjin da yawa daga cikin motocin nan in ba a daidaita mota ta tsaya cak ba, ba ya aiki sosai. Malam Habu, ba ina ƙin dutse ba ne. Cewa nake yi ba a fara koyon iyo a tsakiyar kogi.

Malam Habu: Na ji, kuma ban ce ba ka da hujja ba. Amma kai ma ka faɗa masa gaskiya a kan masu tanti. Fegin RV tsakuwa ce, an yi shi don taya, ba don haƙarƙarin mutum ba. Mutum goma za su kwana a tanti a kan tsakuwa saboda mutum biyar su samu soket. Ga na'urorin maƙwabta suna gurnani duk dare. Abin da RV ke so daban, abin da tanti ke so daban, shi ya sa tafiyar haɗin gambiza take da wuya.

Alhaji Mamman: Malam Habu, a ayari ba a auna tafiya da ƙafar saurayi. Da ta tsoho ake aunawa, da ta jariri. Ku samari in kun kwana a tsakuwa gari zai waye ku miƙe. Baban Sadik, kafin ka biya ko sisi, ka kira Hajiya ka gaya mata duka biyun ba tare da ka ƙawata ɗaya ba. Ka gaya mata sanyin kan dutse ya fi na hunturun Katsina nesa ba kusa ba. Ita ta san jikinta.

Maman Hanifa: Sanyin gaskiya ne. Kan dutsen ya fi kwarin sanyi sosai, kuma a Oktoba dare yana iya kaiwa kusa da ƙanƙara. Ina roƙonku da girman Allah, kada wanda ya shigar da kurfoti ko gawayi ko risho cikin tanti ko cikin mota don jin ɗumi. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, barci take sa mutum ya wuce. Mun san yadda ake rasa iyali guda a gida lokacin sanyi ta wannan hanyar. Sanyin tanti daga ƙasa yake shigowa, don haka abin shimfiɗa ya fi abin rufa muhimmanci. Katifar iska ita kaɗai sanyi take tarawa, a sa bargo a kanta kafin a kwanta. Yara su kwana da hula da safa. Da kun dawo daga yawo kuma a duba jikinsu saboda kaska, bayan kunne, hammata, bayan gwiwa. Kaskar nan ƙarama ce ƙwarai kuma tana sa cutar Lyme.

Ummi: Ba a yi maganar beyar ba, wato babbar dabbar dajin nan da Turawa ke kira bear. Akwai baƙaƙen beyar a gandun da kewayensa, kuma hancinsu ya fi na kare. Baba, na san Hajiya ba za ta zo hannu rabbana ba, za a samu kilishi da daddawa da yaji. Duk wani abu mai ƙamshi, har man goge baki da turare, ba ya kwana a tanti. Ko a kulle a mota, ko a akwatin ƙarfe in fegin yana da shi. Tukunya a wanke ta a daren, shara a kai ta mazubi. Jami'ai suna cin tara a kan wannan, kuma beyar da ta saba da abincin mutane sau da yawa ƙarshenta kashewa ne.

Sani Direba: Itacen wuta ma kada ku ɗauko daga gida. An hana shigo da shi sai mai hatimin cewa an gasa shi, saboda wani ƙwaro da ke kashe itatuwa. A saya a can. Nama kuwa ku taho da naku daga gida a kula, kada ku sa ran samun na halal a kantunan ƙauye.

Baban Sadik: Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Na bi shawarar Alhaji, na kira Hajiya bayan la'asar ɗinsu. Na gaya mata komai, har taurarin Malam Habu da asibitin Maman Hanifa. Ta yi shiru, sannan ta ce taurari ta gan su shekara saba'in a tsakar gidanta, abin da ba ta taɓa gani ba shi ne ganye ja da barewar da ba ta gudun mutum. Ta ce sanyi kuwa ba ta wasa da shi, gwiwarta ba za ta yafe mata ba. Don haka mun tsayar: za mu kwana a ƙasa inda akwai wuta, ranar Asabar mu bar RV a zango mu hau da ƙananan motoci ta Front Royal, mu kai Big Meadows da la'asar saboda barewa, mu leƙa Lewis Mountain.

Malam Habu: Allah ya sa haka ya fi alheri. Maganar uwa ta wuce tawa. Amma daga Front Royal zuwa Big Meadows mil 51 ne a gudun 35, ga tsaye-tsaye, ga layin shiga a Oktoba da kan yi tsawo tun hantsi. Ku shiga kafin tara na safe. Da dawowa kada ku sake bin dutsen gaba ɗaya, ku sauka ta Thornton Gap zuwa Luray ku kama 340, ta fi sauƙi da dare. In akwai ɗan aji huɗu na firamare a cikin yaran, a cire masa takardar shiga kyauta ta intanet, tana ɗaukar motar da yake ciki duka. Ni kuma ina nan a kan bakata game da samarin. In Allah ya kai mu bazara mai zuwa ka ba ni su Sadik kwana ɗaya, da tanti kawai.

Injiniya Lawal: Baban Sadik, kada ka jira. Gandun jiha ba wata shida ba ne, wata goma sha ɗaya kafin lokaci suke buɗewa, ke nan na Oktoba an daɗe da fara kamawa. Ka duba yau ɗin nan. In ba ka samu uku a jere ba, ka kama na RV tukuna, ka kira ofishinsu ka tambaya tanti nawa suke bari a kafa a gefenta. Ka tambayi masu hayar motar kuma ko wayarta ta amfiya 30 ce ko 50, su nuna maka yadda ake zubar da tanki kafin ka bar harabarsu.

Baban Sadik: Na duba yanzu. Mako na biyu ya cika. Na uku akwai biyu a jere, ɗaya kuma can gefe, tsakaninsu fegi huɗu. In kama, ko in jira ko wani zai fasa?

Anti Bilki: Kama. Gidan da ba su da ƙananan yara su ɗauki na gefen.

Alhaji Mamman: Ka kama. Amma ka dubi taswirar tukuna, ka gaya mini wanne ne ya fi tudu a cikin ukun. Nan za a ajiye Hajiya.